A riƙa haɗa maganin shaye-shaye da na ƙwaƙwalwa

Malam Edita, assalamu alaikum.

Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan yaranmu da abu ya haɗe masu biyu, ga ƙwaya ga ciwon ƙwaƙwalwa.

Ƙanena ne ya sa nake wannan rubutu. Yaro ne mai natsuwa wallahi, bayan rasuwar Baba ya daina barci, ya daina fita majalisa, kwana yake ido biyu, mu kuma muka ce ai zafin rashi ne zai wuce. Wani abokinsa ya ba shi ƙwayar roci wai zai samu barci, daga nan sai kodin, sai tiramol da wiwi, har ta kai yana magana shi kaɗai yana cewa ana bin shi. Mun yi ruƙiyya, mun ba shi rubutu ya sha, ƙarshe Kawu ya ce a kai shi gidan mari, wata 7 ya yi da ƙarfe a ƙafa ya dawo duk ya rame ga tabon bulala a baya, bai cika sati 3 ba ya koma ruwa. Sai da muka kai shi asibitin ƙwaƙwalwa likita ta zauna da shi ta saurare shi, ta ce ciwon damuwa ne tun farko, ƙwayar daga baya ta zo ta dagula komai. Ranar Inna kuka ta yi ta yi.

To yara nawa ne haka a unguwanninmu? Binciken da aka yi a 2018 tare da UNODC, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ya nuna mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da ƙwayoyi a Najeriya. A shekarar aka hana kodin na tari, amma hanawa ba ta warkar da wanda ya riga ya kamu. A 2019 duk mun ga mutum sama da 300 da 'yan sanda suka fitar daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa, kuma iyaye ne suka kai da yawansu da hannunsu, ba don mugunta ba sai don rasa inda za su dosa.

Alhali muna da asibitocin ƙwaƙwalwa, Dawanau a Kano, Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, ga na Maiduguri. Kunya ce ke hana mu zuwa, kar a ce ɗan gidan wane ya haukace ko a ƙi auren 'yar uwarsa, sannan ga kuɗin magani duk wata wanda talaka ba ya iyawa, kuma in aka yanke maganin abin dawowa yake.

Roƙona ga NDLEA da gwamnatocin jihohi, duk yaron da aka kai gyaran hali likitan ƙwaƙwalwa ya duba shi kafin a sallame shi, a kuma ci gaba da bibiyarsa a asibitin kusa da gida. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Buhari ya sa wa hannu, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, a fara aiki da ita sosai mana. Malamanmu kuma in sun yi addu'a su ce a wuce asibiti, maganarsu ta fi tamu shiga kunnen iyaye.

Ƙanena yanzu yana koyon gyaran waya a Farm Centre, yana shan maganinsa, ni nake raka shi ganin likita duk wata.

Naka,
Wani mai karatu daga Kano