Sababbin ma'aikatan jinya, ku tambayi wanda za ku yi aikin dare da shi

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ɗan fili a jaridarka in yi magana da ƙannena da 'ya'yana da suka gama karatun jinya, suka karɓi lasisi, yanzu ga takardun ɗaukar aiki biyu ko uku a hannu sun rasa wadda za su zaɓa. Na daɗe ina wannan aiki, kuma masu zuwa neman shawarata kusan tambayarsu ɗaya ce: ina albashi ya fi tsoka? Ban ga laifinsu ba, an sha ɗawainiyar karatunsu. Amma ni abin da nake fara tambayar yarinya shi ne, a aikin dare marasa lafiya nawa za a bar miki, kuma wace babbar nas ce za ta kasance kusa da ke?

Makaranta tana koyar da abubuwa da yawa, amma shekarar farko a bakin gado ita ke gina nas. Ƙarfe uku na dare ne, an kwantar da yaro mai zazzaɓi, likita ya rubuta allura bisa nauyin yaron, miligiram kaza a kowane kilo. Kin yi lissafi, kin ja maganin a sirinji, zuciyarki na cewa daidai ne, amma kina bukatar ido na biyu ya duba kafin ki soka. A gadon gefe ƙarin ruwa ya tsaya, hannu ya fara kumbura. Can kuma an fara ƙarin jini, wanda mintuna 15 na farko ba a so a yi nisa da majinyacin. Idan akwai gogaggiyar sista a wurin, da kallo ɗaya za ta gaya miki wanne za ki fara yi, gobe kuma ke da kanki za ki gane. Idan ke kaɗai ce, tsoro za ki koya, da kuma yin aiki a gurguje.

Masana ma sun auna wannan. A 2002 Farfesa Linda Aiken ta Jami'ar Pennsylvania a Amurka da abokan aikinta sun binciki asibitoci 168, suka gano cewa duk majinyaci ɗaya da aka ƙara wa nas, haɗarin mutuwar waɗanda aka yi wa tiyata cikin kwana 30 yana ƙaruwa da kashi 7 cikin 100, yiwuwar nas ɗin ta gaji ta ƙosa da aikin kuma yana ƙaruwa da kashi 23. A 2014 aka maimaita irin binciken a asibitoci 300 na ƙasashen Turai 9, aka sake samun kashi 7 ɗin nan. Jihar Kaliforniya ta Amurka ma tun 2004 take aiki da dokar da ta ƙayyade adadin majinyatan da za a bar wa kowace nas, a ɗakin kulawa ta musamman nas ɗaya ba ta wuce majinyata 2.

Shi ya sa raina ke ɓaci idan na ji an ce wa sabuwar nas, ki zo, daga watan farko ke ce mai kula da ɗaki. Tana ganin girma aka ba ta, alhali sau da yawa albashin ya yi kauri ne don ita kaɗai za ta yi aikin mutum uku. Ranar da aka samu matsala kuwa, sa hannunta ne a katin majinyaci, lasisinta ne za a tuhuma.

Kafin ku amsa tayi, ku je asibitin da ƙafarku, ku nemi a bar ku ku ga lokacin miƙa aiki da safe. Ku ja wata ƙaramar nas gefe ku tambaye ta, cikin waɗanda aka ɗauka bara mutum nawa suka rage? Ku duba ko akwai safar hannu da kwalin zubar da allura. Ku tambaya ko ana yi wa ma'aikata rigakafin ciwon hanta nau'in B, kuma idan allura ta soki mutum a tsakar dare, ina zai samu maganin kariya daga HIV, wanda dole a fara sha kafin awa 72 su wuce.

Takardar yarjejeniya kuma a karanta ta a natse, musamman shekarun da za a ɗaure mutum da batun hutun ƙaro karatu. Alkawarin horo da aka yi muku da baki, ku ce a rubuta shi, a faɗi makonni nawa ne da sunan muƙamin wanda zai riƙe ku, kafin ku sa hannu.

Na gode, Malam Edita.

Daga wata tsohuwar ma'aikaciyar jinya