Gas ne ke yanka wa wutar lantarki farashi

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ka ba ni ɗan fili in sa baki a muhawarar da ake yi kan makomar iskar gas wajen samar da wutar lantarki. Masu cewa kwanansa ya ƙare da masu cewa shi ne mafita duk na saurare su, sai dai ban ji wanda ya tsaya kan takardar kuɗin wuta da ake miƙa wa magidanci a ƙarshen wata ba.

Sama da kashi 20 cikin ɗari na wutar duniya daga gas take fitowa, kuma ban ga laifin injiniyoyin da ke son sa ba. Tashar gas nan da nan take tashi, a ƙara mata ƙarfi ko a rage gwargwadon buƙata, hayaƙinta kuma kusan rabin na kwal ne.

Amma mu tuna 2022. Bayan Rasha ta afka wa Yukren a watan Fabrairu, gas ɗin da ke bin bututu zuwa Turai ya yi ta raguwa, har a watan Agusta farashinsa ya haura Yuro 300 a kan megawat-awa ɗaya, wato ma'aunin makamashi da ake cinikinsa da shi. Kuɗin wuta ya bi shi a guje, har a gidajen da wutarsu ba daga gas ta fito ba. Ga dalilin: a kasuwannin wuta irin na Birtaniya da Tarayyar Turai, ana fara ɗaukar wuta mai araha, ta hasken rana da ta injinan iska, sannan a yi ta hawa zuwa mai tsada har buƙata ta cika. Tashar da aka kira a ƙarshe, farashinta ake biyan kowa, kuma galibi ta gas ce. Abin da ya sa Sifen da Fotugal suka ƙayyade farashin gas na tashoshinsu a shekarar ke nan.

Turai dai tana da kuɗi. Ta yi ta sayen gas ɗin da ake sanyayawa ya zama ruwa a loda wa jiragen ruwa, ta taya shi da tsada, jiragen suka juya akala zuwa can. Pakistan da Bangaladash suka rasa kaya, aka dinga ɗauke musu wuta. Gemun ɗan'uwa ya kama da wuta, ban sani ba ko sauran ƙasashe sun shafa wa nasu ruwa.

A ganina gas ba zai ɓace nan kusa ba, aikinsa ne zai sauya. Farashin farantan sola ya faɗi ƙwarai tun daga 2010, batura kuma sun fara ɗaukar nauyin wutar magariba a wurare irin su Kalifoniya. Gas zai koma mai jiran ko-ta-kwana, a tashe shi daren da iska ta kwanta. Tashar da aka gina don ta yi shekara 30 tana aiki dare da rana kuwa, ko ta yi aikin ko ta zauna, bashin gininta yana nan, kuma ta takardar wuta za a karɓo shi.

Don haka, Malam Edita, duk ranar da wakilanka suka je buɗe sabuwar tashar gas, su tambayi jami'an: in gas ya yi tsada, kamfani ne zai ɗauki asarar ko mai gida?

Na gode.

Wani mai karanta jaridarku