Jigilar kayan nukiliya: an iya a Zariya, saura na yau da kullum

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ɗan fili a jaridarka domin mu yi magana a kan wani kaya da ke bin titunanmu ba tare da yawancin jama'a sun sani ba, wato kayan da ke fitar da tururin nukiliya.

A watan Disamba na 2018 aka kwashe tsohon makamashin na'urar binciken nukiliya da ke Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, aka mayar da shi ƙasar Sin inda aka ƙera na'urar. Tataccen yuraniyom ne, kimanin kilo ɗaya, irin wanda ake tsoron ya faɗa hannun masu neman haɗa makami. An kai shi filin jirgin saman Kaduna a mota, jirgin dakon kaya ya tashi da shi, ya sauka lafiya. Hukumar makamashin nukiliya ta duniya, IAEA, da hukumar sa ido kan harkar nukiliya ta Nijeriya, NNRA, da gwamnatocin Amurka da Sin, da kamfanonin da suka ƙera mazubin da masu jirgin, duk sun yi aiki da littafin doka guda. Ghana ta riga mu yin irin wannan a 2017.

Littafin nan IAEA ta fara fitar da shi a 1961, kuma daga cikinsa hukumomin jiragen ruwa da na sama na duniya suke ɗaukar ƙa'idojinsu. Tushensa shi ne a ɗora tsaro a kan mazubi, domin direba yana iya yin gyangyaɗi, taya tana iya fashewa. Mazubin da ake kira Nau'in B ba a ba shi takardar amincewa sai an jefo shi daga tsayin mita 9 a kan daɓen da ba ya lotsawa, an sake jefo shi daga mita 1 a kan sandar ƙarfe, an gasa shi cikin wuta mai zafin digiri 800 na minti 30, an nutsar da shi a ruwa mai zurfin mita 15 na awa 8. Bayan duk wannan azaba dole abin da ke ciki ya zauna a ciki.

Abin da ke damunmu shi ne ƙananan kayan da ake yawo da su kullum babu rakiyar sojoji. Masu duba waldar bututun mai da gas suna ɗauke da iridiyom 192 a cikin wata na'ura da mutum ɗaya zai iya ɗaga ta. Asibitoci suna karɓar kobalt 60 na gashin ciwon daji, da molibdinom 99 da ake tatsar maganin ɗaukar hoton cikin jiki daga gare shi. Kowane ƙunshi yana da tambari mai fuka-fukai uku da lamba 7. Farin tambari na nufin tururin da ke jikin ƙunshin bai wuce milisibat 0.005 a awa ba (milisibat ma'aunin tururin da ke riskar jikin mutum ne). Rawaya mai sanda biyu ya tsaya a 0.5, mai sanda uku a 2. Motar kanta kada ta wuce 0.1 idan aka auna daga nisan mita biyu. Jami'ai nawa ne a shingayen da ke tsakanin Legas da Kano suka san wannan karatun?

Rashin saninsa na haifar da ɓarna iri biyu. Ta farko jinkiri ce. Ma'aikacin tashar jirgi ya ga tambarin ya tsorata, ya ajiye kayan a gefe, ko kamfanin jirgi ya ƙi ɗauka baki ɗaya alhali takardu sun cika. Shi kuwa molibdinom ba ya jiran kowa: duk awa 66 rabin ƙarfinsa ya tafi. Kwana uku a sito, asibiti ya biya kuɗin cikakken kaya ya karɓi rabi, marasa lafiyar da aka sa wa rana su koma gida. Matsalar ta yi ƙamari a duniya har IAEA ta kafa mata kwamiti na musamman a 2006.

Ta biyu ta fi muni. A Disambar 2013 direban da ya ɗauko kobalt 60 daga wani asibiti a Tijuwana ta ƙasar Meziko ya tsaya hutawa a gidan mai, 'yan fashi suka ƙwace motar, daga baya aka tsinci sinadarin a gona an fitar da shi daga garkuwarsa. A nan gida ma, a ƙarshen 2002, wasu sinadarai biyu na binciken rijiyar mai sun ɓace a yankin Neja Delta, sai a Jamus aka gano su cikin tarkacen ƙarfe. Wanda ya saci irin wannan kaya ƙarfe yake gani, kuma ƙarfe hannun 'yan gwangwan yake ƙarewa. A Goyaniya ta Birazil haka ta faru a 1987 da siziyom 137 na wani asibiti da aka yi watsi da shi, mutum huɗu suka mutu. 'Yan'uwanmu masu sana'ar jari bola su ne na farko da abin zai taɓa, su ne kuma ba a taɓa kiransu taro.

Kamfanonin duniya sun kafa cibiyarsu ta jigilar nukiliya a Landan tun 1998, suna zama da IAEA duk lokacin da za a gyara doka, suna faɗin abin da ke yiwuwa a kan hanya da abin da ba ya yiwuwa. Muna kira ga NNRA da kamfanonin da ta ba lasisi su yi irin wannan zama a nan, su jawo Kwastam, da hukumar kiyaye haɗurra, da 'yan kwana-kwana, da ƙungiyoyin direbobi da na 'yan gwangwan. A tsayar da wuraren da aka yarda mota ta kwana tun kafin ta tashi. A sa direbobi biyu, kada a bar motar ita kaɗai ko da na tsawon sallah ne. A sanar da jami'an shinge cewa takarda ake dubawa, ba a buɗe ƙunshi a bakin titi.

A kuma buga kati da Hausa a liƙa a gaban kowace mota irin wannan, mai bayanin abin yi idan an yi hatsari. A fara ceto wanda ya ji rauni, tambarin ba ya hana taimako. A janye jama'a aƙalla mita 30, a tsaya ta inda iska ke fitowa. Duk sanda ka ninka nisanka, tururin da ke riskarka ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Kada a ɗauki wani ɗan ƙarfe da ya faɗo, kada a ci ko a sha a wurin. Lambar wayar da za a kira tana jikin takardar kayan, kuma wajibi ne ta zama wadda ake ɗauka ko da tsakar dare ne.

Mun gode.

Wasu ma'aikatan kariya daga tururin nukiliya,
Kaduna