Hattara da "kyautar" kirifto

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. A ba ni fili in ja kunnen matasan ƙauyukanmu kan saƙonnin WhatsApp masu cewa "turo USDT 20, mu mayar maka 40" (USDT wani nau'in kirifto ne, wato kuɗin intanet). Damfara ce, kuma kuɗin kirifto in ya fita, babu bankin da zai dawo da shi. Har shafin Barack Obama na Twitter an yi wa kutse a 2020 don wannan.

Mafi haɗari shi ne mai neman kalmomin sirri 12 na walat (asusun ajiyar kirifto), wai don "tantancewa". Da su zai buɗe walat ɗin a wayarsa ya kwashe komai. Wanda ya riga ya bayar, ya gaggauta buɗe sabo, ya mayar da ragowar can, ya sanar da EFCC.

Mai karatu, Ringim, Jigawa