Nisan Kano Zuwa Jidda Ba a Taswira Kaɗai Yake Ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in yi tsokaci kan masu shirya bitar alhazai.

Kullum ana faɗa wa maniyyata cewa tsakanin Kano da Jidda kusan kilomita 3,400 ne, wato tafiyar awa huɗu da 'yan kai a jirgin sama. Gaskiya ne, amma fa idan jirgi ya miƙe santal ta Chadi da Sudan, ya haye Bahar Maliya. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyar ƙasar, jiragen aikin hajjin waccan shekarar sai zagaye suka yi. Zagaye kuwa ƙarin mai ne, ƙarin kuɗi, ƙarin zama a kujera.

Zaman nan shi ne damuwata. Gwoggona mai ciwon sukari ta saka maganinta a babbar jaka aka wuce da ita cikin kaya, don an ce mata "yanzun nan za ku sauka". Ƙafafunta sun kumbura sumtum, ko silifa ta ƙi shiga. Ga kuma Saudiyya ta riga mu da awa 2, abin da ya ƙara rikita mata lokacin shan magani.

Don Allah malaman bita su riƙa tambayar hanyar da jirgi zai bi, su faɗa wa tsofaffi tsawon zaman tun suna sansanin alhazai, magani kuma ya kasance a jakar hannu.

Wassalam.

Mai karanta jaridarku,
daga Fagge, Kano