Masu ƙarfe a ƙashi, a daina shan kafso kafin gwajin jini

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku. Aikina gwajin jini ne a Kano, kuma da yawa daga cikin takardun da ke zuwa teburina na waɗanda aka sa wa ƙarfe ne a cinya ko ƙwauri bayan haɗarin babur.

Idan likitan ƙashi ya yi zargin ƙwayoyin cuta sun shiga wurin aikin, gwaji biyu yakan fara rubutawa, CRP da ESR. CRP sinadari ne da hanta ke fitarwa, yana tashi cikin 'yan awoyi. Tiyatar kanta tana ɗaga shi, ya kai ƙarshen tashinsa a kwana na 2 ko na 3, sannan ya sauka cikin mako 2 zuwa 3. Ganinsa a sama washegarin aiki ba abin tashin hankali ba ne. Wanda ya sauka ya sake tashi, ga wurin yana zogi yana tsattsafo da ruwa, shi ne abin tsoro. ESR kuwa, jini muke tsayarwa a siririn bututu mu ga milimita nawa jajayen ƙwayoyi za su kwanta cikin awa ɗaya. Shi yana da jinkiri, yakan yi watanni bai koma daidai ba.

Amma fa lambar ba ta faɗin inda ciwon yake. Zazzaɓin cizon sauro ma yana ɗaga CRP. Mai sikila kuma ESR ɗinsa kan fito ƙasa ko da ƙashinsa na ruɓewa.

Babban abin da ke damuna shi ne kemis. Mara lafiya zai ga mugunya, ɗan'uwa ya sayo masa kafson kashe ƙwayoyin cuta, ya sha na kwanaki, sannan a kawo shi. Lambobin sun ɗan lafa, mu shuka mugunyar a ɗakin gwaji don gano ƙwayar cutar kuma babu abin da ya tsiro, alhali ƙwayar tana nan manne da ƙarfen. Shi ya sa likita kan dakatar da maganin har mako 2 kafin ya ɗebo samfuri daga ciki, 'yan'uwa kuma su ɗauka sakaci ne.

Don Allah masu jinya su riƙa zuwa da tsofaffin takardun gwaji, domin da su ake kwatantawa, su zo kuma da kwalin duk maganin da aka sha.

Naku,
Wani ma'aikacin ɗakin gwaji, Kano