Na samu shaidar ƙwarewa, amma aikina na akanta bai gusa ba

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in faɗi halin da akantoci irina ke shiga bayan sun gama jarrabawar ƙwarewa.

Kafin mutum ya zama cikakken mamba na ƙungiyar ƙwararrun akantoci ta ACCA, sai ya ci jarrabawa 13, ban da waɗanda aka yafe masa saboda digirinsa, ya yi darasin ɗa'ar aiki, ya kuma nuna gogewar wata 36. Duk na yi su, ina karatu da dare bayan an tashi ofis, da kuɗin aljihuna. Yau ga ni ina shigar da rasit, ina daidaita littafi da takardar banki, albashina kuma yana nan inda yake.

Abin da ya fi damuna shi ne sharuɗɗan da ake gindayawa. Manyan kamfanoni suna neman wanda ya taɓa haɗa rahoton uwar kamfani da rassanta bisa ƙa'idar rahoton kuɗi ta duniya mai suna IFRS 10, ya kuma iya SAP, wato manhajar kwamfuta da manyan kamfanoni ke tafiyar da lissafinsu da ita. Ni a inda nake, manhajojin Excel da QuickBooks kawai muke taɓawa, to a ina zan samu wannan gogewar? In na nemi ƙaramin matsayi don in koya, sai a ce na fi ƙarfin gurbin, ba zan daɗe ba.

Ina roƙon masu ɗaukar ma'aikata su riƙa ba mu lissafi mu yi a gabansu ranar intabiyu. Shugabannin sashen kuɗi kuma su bari mu zauna da masu binciken kuɗi idan an zo rufe littafin shekara.

Naka,
Wani akanta